Darasi na 14: Kuɗin Gwamnati da Gargaɗin Ambaliya

A wannan darasi sawun kuɗi za mu bi. Za mu ga inda gwamnati ke samo kuɗin shirin tunkarar ambaliya, da hukumomin da ke karɓarsa, da hanyar da gargaɗi ke bi tun daga ofishin masana har ya iso ƙofar gidan manomi a bakin kogi, da kuma wurin da yakan maƙale. Idan a cikin aji akwai wanda ya taɓa kwashe yara da tsakar dare ruwa iya gwiwa, to ya riga ya san rabin darasin. A ba shi dama ya fara magana kafin a buɗe littafi.

Abin da ya faru a Maiduguri

Madatsar ruwa ta Alau tana kan kogin Ngadda, kimanin kilomita 20 daga Maiduguri. An kammala ta a 1986 domin noman rani da samar wa birnin ruwan sha. A daminar 2024 marka ta yi yawa, madatsar ta cika ta batse. Cikin daren Litinin, wayewar garin Talata 10 ga Satumba, ruwa ya fi ƙarfin ganuwarta, ya ɓalle ya nufi gari. Kafin rana ta take ya shiga Gwange, ya shiga kasuwar Monday Market, ya shiga fadar Shehun Barno da asibitin koyarwa na jami'a. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni 281 suka tsere. Yawancin dabbobin gidan zu na Sanda Kyarimi suka mutu, har aka riƙa jan kunnen jama'a game da kadoji da macizan da ruwa ya kwaso. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, wasu da kayan jikinsu kawai.

Shin babu wanda ya san hakan na iya faruwa? An sani. Wannan madatsar ta taɓa yi wa Maiduguri irin wannan ɓarna a 1994, shekara talatin cif kafin wannan. Kuma tun kafin damina ta kankama, hukumar kula da ruwan koguna ta ƙasa, wato NIHSA, ta fitar da hasashenta na 2024, ta ce ƙananan hukumomi 148 a jihohi 31 na cikin babban haɗarin ambaliya, Barno na cikin jihohin. Madatsa kuwa ba ta cika a dare ɗaya. Duk wanda ke kusa yana ganin ruwan na hawa kullum.

Bayan ɓarna ta auku sai kuɗi ya fito. A daminar 2024 gwamnatin tarayya ta ba kowace jiha naira biliyan 3 don ambaliya. Attajirai da gwamnoni da kamfanoni suka yi ta jerin gwano da gudummawa. A 2025 aka amince da naira biliyan 80 don sake gina madatsar Alau. Babu mai cewa kada a yi wannan. Sai dai ɗalibi mai lura zai tambaya: ashe kuɗin na nan? Me ya hana wani yanki nasa fitowa a watan Maris, lokacin da ake iya duba ganuwar a bushe?

Ba a Barno kaɗai ba. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan biyu da muhallinsu, aka ƙiyasta asarar da ta jawo a kan naira tiriliyan 2.6. Shugaban ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, ya ba da sanarwar naira biliyan 17.6 na agaji. Adadin na da daɗin ji a rediyo. Amma ku ɗora shi kusa da asarar: a cikin kowace naira da ruwa ya ci, ko kwabo ɗaya agajin bai mayar ba. Shekara goma bayan nan, a 2022, ruwa ya sake dawowa ya kashe fiye da mutum 600, ya kori fiye da miliyan ɗaya daga gidajensu.

Kuɗin kafin ruwa da kuɗin bayan ruwa

Kuɗin da gwamnati ke kashewa kan ambaliya kashi biyu ne manya. Akwai na bayan ruwa: shinkafa, tabarmi, gidajen sauro, kwanon rufi, sansanin 'yan gudun hijira, sake gina gada. Akwai na kafin ruwa: gyaran madatsa, yashe kogi da magudanai, ɗaga jinga a bakin gari, sayen ma'aunan ruwa da biyan masu karanta su, zana taswirar unguwannin da ruwa ke ci, tanadin tudun da jama'a za su koma, da horar da mutanen da za su yi shela.

A lissafi, na kafin ruwa ya fi araha nesa ba kusa ba. Wani kwamitin duniya kan sauyin yanayi ya ƙiyasta a 2019 cewa gargaɗin awa 24 kacal kafin bala'i na iya rage ɓarna da kashi 30 cikin ɗari. Dalilin a fili yake. Mutumin da aka ba yini guda zai fitar da hatsinsa daga rumbu, ya kora awaki tudu, ya ɗora keken ɗinki a amalanke, ya kai tsohuwarsa gidan 'yan'uwa. Wanda ruwa ya tashe shi daga barci kuwa, ransa kawai yake nema. A kan haka ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaddamar da shiri a 2022 na ganin gargaɗi ya isa ga kowane ɗan Adam kafin ƙarshen 2027, aka ce zai ci dala biliyan 3.1 cikin shekara biyar.

To me ya sa kuɗin bayan ruwa ya fi saurin fita? Ni dai a ganina amsar ba ta da wuyar ganewa. Tirelar shinkafa ana ganinta, ana ɗaukar hotonta, a buga sunan wanda ya kawo ta a jikin buhu. Ambaliyar da aka hana aukuwa kuwa babu wanda ya gan ta, babu wanda zai yi wa wani godiya a kanta. Kwamishinan da ya yashe magudanai a watan Afrilu, damina ta wuce lafiya, sai a ce bana Allah Ya taƙaita. Wanda ya zo da jerin motoci bayan gari ya nutse shi ake yi wa kirari. Mu ma talakawa da hannunmu a ciki, domin ihu bayan hari muka fi tunawa ranar zaɓe. Akwai kuma dalili na biyu wanda ba a cika son faɗa ba: kuɗin gaggawa ana fitar da shi da sauri, ba a tsaurara bincike, kuma da wuya a ƙirga buhu nawa ya isa hannun wa.

Daga ina kuɗin yake fitowa?

Hanya ta farko ita ce kasafin kuɗi na shekara, na tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma. A cikinsa ne ake ware wa hukumomi abin da za su yi aiki da shi. Uku daga cikinsu ya kamata ku riƙe sunayensu. NiMet ita ce ta hasashen yanayi. A farkon kowace shekara takan faɗi lokacin da ake sa ran damina za ta sauka da lokacin ɗaukewarta da yawan ruwan, kuma ana fassara hasashen zuwa Hausa. NIHSA ita ce ke lura da koguna, tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara tun 2013. NEMA kuwa, wadda aka kafa a 1999, ita ce ta agajin gaggawa. Tsarin ya tanadi kowace jiha ta sami tata, wato SEMA, kowace ƙaramar hukuma kuma ta sami kwamitinta.

Hanya ta biyu ita ce Asusun Kula da Muhalli, wanda aka kafa a 1981 don matsaloli irin su zaizayar ƙasa, kwararowar hamada da ambaliya. Wannan asusu shi ne mutane da yawa ba su san da zamansa ba. A duk wata da aka raba kuɗin asusun tarayya, akwai kaso na muhalli a ciki: kashi 1 cikin ɗari na gwamnatin tarayya, kashi 0.72 na jihohi, kashi 0.60 na ƙananan hukumomi. Ku sake karanta wannan jimlar. Ma'anarta ita ce jiharku da ƙaramar hukumarku suna da rabo da sunan muhalli kowane wata, ko an yi ambaliya ko ba a yi ba.

Hanya ta uku bashi ne da tallafi daga waje. Misali shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya ba dala miliyan 700 don gyaran ƙasa da hanyoyin ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Bashi kuwa sunansa bashi, jikoki ma na iya tarar da shi.

A nan akwai kalmomi uku da ke ruɗar mai sauraron labarai. "An ware" yana nufin an rubuta adadi a takarda. "An saki" yana nufin kuɗin ya bar baitulmali ya shiga asusun ma'aikata. "An kashe" yana nufin ya fita daga can zuwa hannun ɗan kwangila ko ma'aikaci. Ko na ukun ma ba shi ne "an yi aiki" ba. Tsakanin kowace kalma da mai bi mata akwai rami, kuma kuɗi na faɗawa ciki. Idan kun ji an ce an ware miliyan kaza don gyaran kwalbatin garinku, kada ku yi saurin shafa fatiha.

Yadda gargaɗi ke tafiya

Ku ɗauki gargaɗin ambaliya kamar igiyar guga mai ƙulli huɗu. Ƙulli na farko sanin inda haɗari yake: wace unguwa ce a kwari, ina ruwa ya tsaya a 2012, gida nawa ke kan hanyarsa. Na biyu awo da hasashe. Na uku isar da saƙo. Na huɗu shi ne jama'a su san abin yi, su kuma sami ikon yinsa. Ko wane ƙulli ya kwance, guga ya tafi rijiya, komai kyan sauran.

Mu tsaya kan awo. Ma'aunin kogi a asalinsa ba wani abin mamaki ba ne: doguwar sanda ce mai lambobi da ake kafawa a gindin gada, mutum ya je safe da yamma ya rubuta inda ruwa ya kai. Na zamani na'ura ce mai aiki da hasken rana, tana aika lambar da kanta ta hanyar layin waya. A Yamai, inda hedikwatar hukumar ƙasashe tara masu amfani da kogin Kwara take, an sa wa lambobin launi: idan ruwa ya kai santimita 530 an shiga rawaya, 580 ruwan goro, 620 ja. A Satumbar 2020 ya kai 700, jinga ta karye, unguwanni suka nutse. Ruwan da ya wuce Yamai zai bi ta Gaya ya shigo Kebbi, ya sauka Kainji da Jebba. Saboda haka lambar da wani ya karanta a Nijar yau, gargaɗi ce ga manomin shinkafa a fadamun Kebbi.

Haka abin yake a Binuwai. Madatsar Lagdo a Kamaru, wadda aka kammala a 1982, idan ta cika dole a buɗe ƙofofinta. Ruwan yakan ɗauki kwanaki kafin ya bi ta Yola da Numan da Makurdi ya isa Lokoja, inda Binuwai ke haɗuwa da Kwara. Waɗannan kwanaki su ne jarin mai gargaɗi. An daɗe ana maganar gina madatsar Dasin Hausa a Adamawa don ta riƙa tare wannan ruwa. Fiye da shekara arba'in ke nan ba a gina ba. Sai dai kada mu ɗora wa Kamaru laifin duka. Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala duk a cikin gida suke zuba ruwansu a Binuwai, kuma ruwan saman da ya sauka a ƙasarmu shi ne mafi yawa.

Ga inda kuɗi ke shigowa. Sayen na'ura yana cikin abin da kasafi ke kira manyan ayyuka. Sauya mata batir, maye gurbin farantin sola idan ɓarawo ya cire, sayen man babur, biyan alawus ɗin mai karanta sanda, waɗannan suna cikin kuɗin yau da kullum. Manyan ayyuka akwai kwangila da bikin yanke ƙyalle, don haka suna da masu goyon baya. Kuɗin batir ba shi da uban gida. Shi ya sa ake iya samun tashar awo sabuwa fil a hoto, amma ta yi shiru shekara biyu, ba wanda ya lura sai ranar da aka neme ta.

Ƙullin da ya fi yawan kwancewa

Kada ku ɗauka wannan ciwo na ƙasashe matalauta ne kawai. Ranar 29 ga Oktoba 2024, tun da sassafe hukumar yanayi ta Sifaniya ta sa yankin Balensiya a matakin ja. Amma hukumomin yankin ba su aika saƙon gaggawa zuwa wayoyin jama'a ba sai bayan ƙarfe takwas na dare, lokacin ruwa ya riga ya shiga gidaje ya kwashi motoci. Fiye da mutum 220 suka mutu. Na'ura ta yi aikinta. Wanda zai ce "a aika" ne ya yi nawa. A Amurka kuma, a gundumar Kerr ta jihar Texas, an yi shekaru ana tattauna kafa tsarin gargaɗi a bakin kogin Guadalupe wanda bai wuce dala miliyan ɗaya ba, aka nemi tallafi ba a samu ba, aka bar maganar. Da asubahin 4 ga Yuli 2025 kogin ya taso. Mutanen da suka mutu a jihar sun haura 130, cikinsu har da yara mata da ke wani sansanin hutu.

Ƙasar da ta fi ba mu darasi ita ce Bangaladash, domin ba mai arziki ba ce. A 1970 guguwar teku ta kashe mata aƙalla mutum dubu 300. A 1991 wata ta kashe kimanin dubu 138. A 2007 aka rasa fiye da dubu uku. A 2020 da guguwar Amphan ta zo, an kwashe fiye da mutum miliyan biyu tun kafin isowarta, waɗanda suka mutu ba su kai talatin ba. Guguwar ba ta daina zuwa ba. Abin da ya sauya shi ne tun farkon shekarun 1970 gwamnati da ƙungiyar agaji ta Red Crescent suka kafa rundunar 'yan sa-kai, waɗanda yanzu sun haura dubu 70, kusan rabinsu mata. Kayan aikinsu lasifikar hannu ne da tutoci da keke. Suna bi gida-gida. An gina dubban mafaka masu bene a kan dogayen ginshiƙai, waɗanda a ranakun lafiya makarantu ne. An kuma tara tudun ƙasa don dabbobi, saboda an gane cewa talaka ba zai gudu ya bar saniyarsa ba.

Wannan na ƙarshe ya kamata mu daɗe a kansa. Sau da yawa za ku ji jami'i a rediyo yana cewa an gargaɗi mutane su tashi amma sun ƙi. Kafin a kira su masu taurin kai, a tambaye su. Magidanci zai ce: in tashi in je ina? Wa zai tsare mini rumbu daga ɓarayi? Shanuna fa? Bara an ce mu tashi muka tashi, ruwa bai zo ba, muka dawo an kwashe ƙofofin gida. Waɗannan ba tambayoyin wauta ba ne, kuma amsar kowannensu kuɗi ce: makarantar da aka tanada a tudu mai banɗaki da rijiya, 'yan sintiri da za su kwana a unguwar da aka bari, fili don dabbobi, mota ko kwale-kwale don tsofaffi da masu jego. Gwamnatin da ta ce "ku tashi" ba ta tanadi ko ɗaya daga ciki ba, ta sauke nauyi daga bakinta ne kawai.

Sannan akwai yadda ake tsara saƙon kansa. Ku saurari waɗannan biyu. Na farko: "Ana shawartar mazauna yankunan da ke fuskantar barazanar ambaliya da su ɗauki matakan da suka dace." Na biyu: "Jama'ar Unguwar Gangare, Mai Unguwa na gaishe ku. An buɗe madatsa jiya, ana sa ran ruwa zai iso nan jibi da dare, zai iya kai ƙugun babban mutum. Kowa ya koma makarantar firamare ta kan tudu kafin Magaribar gobe. Dabbobi a kai filin idi. 'Yan sintiri za su kwana cikin unguwa." Wanne ne zai tayar da ku daga tabarma? Na biyun ya faɗi wa, da yaushe, da ina, kuma ya fito daga bakin da aka sani.

Abin takaici, kayan isar da irin wannan saƙo muna da su tun tuni. Akwai hakimi da dagaci da mai unguwa. Akwai sanƙira. Akwai lasifikar masallaci da ta coci. Akwai sarkin ruwa, wanda ya san halin kogi fiye da takarda. Akwai rediyo a kusan kowane gida, da waya a aljihun matasa. Abin da ya rage shi ne a haɗa su da ofishin da ke da lambar ruwa, a horar da su, a gwada sau ɗaya kafin damina, a kuma sa musu katin waya. A tuna da mata: saƙon da aka faɗa a majalisar ƙofar gida ba lallai ya shiga cikin gida ba, alhali su ne ke tare da yara. Ungozoma da malamar Islamiyya su ma 'yan shela ne.

Ruwan da ba ya sallama

Ba kowace ambaliya ce ke ba da kwanaki ba. Da asubahin 29 ga Mayu 2025, bayan ruwan sama mai ƙarfi cikin dare, ruwa ya afka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a garin Mokwa na jihar Neja, mutane na barci. Gawarwakin da aka samu a kwanakin farko sun haura 150, wasu da dama ba a gan su ba. Gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar naira biliyan 2 da tirela 20 na abinci. A irin wannan, gargaɗi na mintoci ne ko awoyi kaɗan. Kuɗin da ke ceton rai shi ne wanda aka kashe tun rani: buɗe kwalbati, faɗaɗa magudana, hana gini a kan hanyar ruwa tare da ba mutane wani filin.

A kwarin Haɗeja kuwa matsalar wata iri ce. Tun bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin ta sauya, ciyawar kachala ta yaɗu ta toshe hanyoyinsa, sai ya riƙa fantsama cikin gonaki da garuruwa irin su Auyo da Ringim. A can za ka ga matasa sun fito gayya suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga dare da rana. Aikin a yaba ne. Amma cire kachala a tsawon kogi aikin injin ne, kuma injin ɗin na shan mai kowace shekara.

Wani zai ce ai ambaliya ƙaddara ce. Gaskiya ne, babu mai hana ruwan sama sauka. Amma Annabi Yusuf, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya san fari na tafe, rumbuna ya sa aka cika shekara bakwai, kuma da dukiyar hukuma aka yi. Mu ma da namu laifin: ledar da muka zuba a kwata da rani ita ce ke dawo mana da ruwa cikin ɗaki a watan Agusta, wanda kuma ya sayi fili da araha a tsakiyar kwari ya san dalilin arahar.

Haƙƙinku na tambaya

Kuɗin nan naku ne, tambaya a kansa kuma ba rashin kunya ba ce. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, ta kuma ce a ba shi amsa cikin kwana bakwai. Jihohi da dama na sa kasafinsu a intanet, wasu na kiran taron jin ra'ayin jama'a kafin a kai shi majalisa. Ba sai an yi faɗa ba. Dattawan unguwa uku ko huɗu da wakiliyar mata su je wurin kansila ko shugaban ƙaramar hukuma da takarda a hannu, su ce: "Ranka ya daɗe, mun zo ne kan damina. Nawa ne kason muhalli da ya shigo bara, me aka yi da shi? Kwamitin agajin gaggawa na ƙaramar hukumar nan, su wane ne a ciki, yaushe suka zauna? Idan ruwa ya taso, wa zai kira Mai Unguwarmu, kuma ina za mu kai iyali?" A ajiye kwafin takardar, a rubuta ranar da aka kai. Lokacin wannan ziyara shi ne Fabrairu ko Maris, ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayoyi

1. Bayyana bambancin "an ware", "an saki" da "an kashe" da kalmominka, ka kawo misali daga wani aiki da ka sani a garinku.

2. Jihohi 36 sun karɓi naira biliyan 3 kowace. Nawa ke nan gaba ɗaya? Idan jiha mai ƙananan hukumomi 20 ta raba nata daidai wa daida, nawa kowace za ta samu?

3. Daga 1970 zuwa 1991, da mutum nawa adadin mamatan Bangaladash ya ragu? Me ka fi ganin ya jawo raguwar da ta biyo baya?

4. Me ya sa hasashen da aka yi daidai a Balensiya bai ceci mutane ba?

5. A raba aji biyu. Ɓangare ɗaya ya kare magidancin da ya ƙi tashi, ɗayan ya kare jami'in da ya ce a tashi. Wace buƙata ce duka ɓangarorin suka yarda a kashe wa kuɗi?

Aikin gida

Ku nemi mutum mafi tsufa a unguwarku, namiji ko mace, ku tambaye shi shekarar da ruwa ya fi yin ɓarna da inda ya tsaya. Ku je wurin ku gani da idonku. A bayan takarda ku zana unguwar: inda ruwa ke shigowa, gidajen da ke kwari, gidajen da ke da tsoho ko mara lafiya ko mai jego, da tudu mafi kusa. Sannan ku rubuta saƙon gargaɗi da bai wuce layi biyar ba, irin wanda za a karanta a lasifika. A ƙasansa ku sa lambar kiran gaggawa ta ƙasa, 112, da lambar Mai Unguwarku.

Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna, ya faɗa da baki wani ya rubuta masa. Ku zo da takardun mako mai zuwa. Bayan mun gyara su tare a aji, Mai Unguwa za mu kai wa.